Barkwancin finafinan Ingila kafin zuwan Chaplin

Tambaya: Malam, ni ɗalibin fim ne. Duk sanda aka taɓo barkwancin finafinan da ba su da murya, Chaplin ake kira. Me daraktocin Ingila suka yi kafin shi, kuma sun bar wani abu?

Amsa: Sun bari, ɗan'uwa, kuma ba kaɗan ba. Chaplin bai fara fim ba sai 1914, a Amurka, alhali tun 1897 George Albert Smith yake ɗaukar gajerun finafinan raha a Hove, dab da Brighton.

Abin da ya fi burge ni a salonsu shi ne ba su ɗora wa ɗan wasa nauyin dariyar shi kaɗai ba, kyamara ma tana cikin wasan. Dubi The Big Swallow na James Williamson, na 1901. Wani mutum ne ya fusata ana ɗaukar hotonsa, ya yi ta matsowa har bakinsa ya cika allo, ya haɗiye kyamara da mai ɗauka, sannan ya ja baya yana tauna. Minti ɗaya ne, amma ba dandalin da za a iya yin wannan a kansa, sai a fim. Williamson kuwa mai shagon magani ne kafin ya shiga harkar.

Smith ya ƙara gaba a Mary Jane's Mishap, 1903, inda matarsa Laura Bayley ta fito a 'yar aikin da ta zuba kananzir a murhu. Yakan bar hoton nesa ya kawo fuskarta kusa, ta kashe wa mai kallo ido, sannan ya koma. A lokacin yawancin finafinai daga wuri guda ake kafa kyamara har a gama.

Sai tsere da bin ɓarawo, irin Stop Thief! na Williamson, wanda ya nuna yadda gudu ke ficewa daga hoto ɗaya ya shiga na gaba. Wannan salon haɗa hotuna ne gadonsu, kuma masu barkwancin Faransa da Amurka sun yi ta gini a kansa.

Abin takaici, da yawa sun salwanta. Da kamfanin Cecil Hepworth, wani mai shirya fim na Ingila, ya karye a 1924, narkar da finafinansa aka yi don a cire azurfar ciki. Ragowar da ta tsira tana ma'ajiyar BFI, wato cibiyar fim ta Birtaniya, wasu kuma suna YouTube.