Amsa: manhajar hira da aikin takardu a ofishin zanen gini

Ɗan'uwa, ka tambaya ko manhajojin hira irin su ChatGPT za su rage maka wahalar takardu a ofis. Za su rage, ni shaida ne.

Mu uku ne a ofishinmu nan Gombe, ba sakatare. A da in na dawo daga duba gini a Tumfure, ƙura har gira, sai bayan Isha'i nake zama haɗa rahoto. Yanzu kafin in tada mota nake faɗa wa manhajar da ke wayata abin da na gani: an zuba kankare, birkila na jiran rodi, yashi ya ƙare. Ta tsara, ni kuma in gyara. Haka wasiƙar tuna wa mai gini cikon kuɗi, wadda nauyin baki kan hana ni rubutawa.

Amma don Allah kar ka bar mata lissafin siminti ko farashi. Irin waɗannan manhajoji kan ƙirƙiro lamba su faɗe ta da gadara, alhali hatimin ARCON (hukumar rajistar masu zanen gini ta Najeriya) da ke kan zanen naka ne. Sunan mai gini da lambar filinsa ta GOGIS (hukumar bayanan filaye ta Jihar Gombe) kuwa, amana ce, goge su kafin ka tura wa manhajar.