Hukuncin bahago wajen ci da karɓar abu

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ɗana shekararsa 6, bahago ne. Kome aka miƙa masa da hagu yake karɓa, kakarsa kuma sai ta buge hannun. Yana da laifi? Dole ne mu sauya masa hannu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, zama bahago halitta ce, kusan mutum 1 cikin 10 haka yake, kuma babu alƙalami a kan yaron da bai balaga ba.

Inda shari'a ta ƙarfafa amfani da hannun dama shi ne wajen ci da sha. Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a ci da dama a sha da dama, domin Shaiɗan da hagu yake yi. Jumhur, wato mafi yawan malamai, sun ɗauke shi sunna, ci da hagu makaruhi ne, Ibnul Ƙayyim kuwa ya karkata ga haramci saboda hadisin mutumin da Annabi ya ce masa ya ci da dama ya ce "ba zan iya ba", Annabi ya yi masa addu'a hannun ya ƙi ɗaguwa. Amma a lura, hadisin da kansa ya ce girman kai ne ya hana shi. Mai karaya da aka yi wa ɗori, ko mai shanyewar ɓarin jiki, ya ci da hagu ba komai.

Bayarwa da karɓa da dama mustahabbi ne, kamar yadda ya zo a Ibn Majah. Tsarki da fyace majina na hagu ne. Rubutu, ɗinki da riƙe wuƙa babu nassin da ya hana hagu, ko yankan bahago ya halatta.

Dukan nan a daina, tsoro kawai yake haifarwa. Umar ɗan Abu Salama yana yaro hannunsa na yawo a akushi, da baki Annabi ya gyara masa: ya yi bismillah, ya ci da dama, ya ci gabansa.

Ga dabara. Hannu yakan tafi ga abin da ya fi kusa da shi, ko badame in kofi na can hagunsa da hagu yake janyowa. To ki riƙa ajiye masa kwano da kofi ta dama, ki miƙo abu daga wannan ɓangaren, hagu kuma ta riƙe gefen kwano. A fara da lomar tuwo kafin cokali, don da cokali ne miya ke zubewa yaro ya karaya. Fensir kuwa a bar masa a hagunsa, ki sanar da malaminsa.

Allah ne Mafi sani.