Amsa ga ƙanenmu na Daura mai son zuwa Ingila karatun harkar jigilar kaya

Ƙanenmu, saƙonka ya iso. Ka ce shekararka huɗu kana sitokipa a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Katsina, kuma kana shirin sayar da filinka na Daura ka zo Ingila digiri na biyu, da fatan kana gamawa a ba ka babban manaja. Mu da ke cikin wannan aiki a nan muna ba ka shawara ka dakata da sayar da filin tukuna.

A wannan harka ba takarda ke ɗora mutum a babbar kujera ba. Mai ɗaukar aiki lissafi yake nema: sito nawa ka riƙe, mutum nawa ke ƙarƙashinka, tirela nawa ke fita a mako, kasafin nawa aka damƙa maka, kuma cikin kaya ɗari da aka tura nawa suka isa kan lokaci ba tare da giɓi ba. Wanda ya rubuta "na kula da sito" kawai, ba a ma kiransa ganawa. Wanda ya nuna yadda ya rage ɓatan kaya ko kwanakin da suke yi a jibge, da lambobin da shugabansa zai iya tabbatarwa, shi ake saurara. Don haka daga wannan wata ka buɗe littafi kana rubuta waɗannan alƙaluma. Yawancin 'yan uwanmu a nan suke tuntuɓe: sun yi aikin, amma ba su da shaidar yawansa.

Ga kuma dokar Ingila. Tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji, wato wanda ba na bincike ba, ba ya zuwa da iyalinsa. Bizar zama bayan karatu shekara biyu ce, kuma za ta koma wata 18 daga Janairun 2027. Kafin ta ƙare sai ka samu kamfani mai lasisin ɗaukar baƙo da zai tsaya maka ka samu bizar aiki, wanda tun Yulin 2025 ake so ya biya fam 41,700 a shekara, ko da yake akwai rangwame ga sabon kammala karatu. Aikin ɗibar kaya a sito, wanda ɗalibai ke yi cikin awa 20 da aka yarje musu a mako, bai kai matakin da ake ba da bizar aikin ba. A nan lissafin mutane da yawa ke rushewa: suna zaton daga ɗibar kaya za a hau zuwa ofis, sai biza ta ƙare suna nan inda suke. Jamus ta fi sauƙin kuɗin makaranta a yawancin jami'o'in gwamnati, amma sai ka ajiye kuɗin zaman shekara a asusun da ake kullewa, kuma manajan sito da ba ya jin Jamusanci ba zai iya da direbobi ba. Dubai akwai aiki a kewayen tashar Jebel Ali, sai dai masu ƙwarewa suke ɗauka, kuma duk ejan da ya ce ka biya shi ya samo maka kujerar manaja, ka riƙe aljihunka.

Abin da za ka iya yi kana Katsina ya fi arha nesa ba kusa ba. Ka yi rajista da CILT, cibiyar ƙwararrun harkar jigila da sufuri, suna da reshe a Najeriya. In ɓangaren saye ne ya fi kwanta maka, ka bi kwasa-kwasan CIPS, cibiyar ƙwararrun harkar saye, daga mataki na 4 zuwa na 6, wanda da shi da ƙwarewar aiki ake zama cikakken memba, wato MCIPS. Takardun shaidar ƙwarewa a harkar jigila na Amurka, CSCP da CLTD, ma ana daraja su. Ga Cibiyar koyar da fasahar sufuri ta NITT a Zariya kusa da kai. Ka ƙware a Excel sosai, ba buga suna da adadi kawai ba, sannan ka nemi wurin da ake aiki da SAP, manhajar da kamfanoni ke tafiyar da lissafin kaya da kuɗi da ita, ko makamanciyarta, ko da albashin bai fi na yanzu ba. Ka san ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa na Incoterms 2020 guda 11, musamman biyu daga ciki, FOB da CIF: wa ke biyan kuɗin jirgi da inshora a kowanne, kuma a ina asara ke komawa kan mai saye. Ka bi kwantena ɗaya daga buɗe Form M, takardar neman shigo da kaya, a banki, zuwa fitowar PAAR, rahoton tantance kaya kafin su iso, daga kwastan, har ta bar tasha. Sai ka ga da idonka yadda kuskuren lambar kaya ɗaya ke tsayar da kwantena, kuɗin jinkiri na hauhawa kullum, kafin ka san aikin.

Kada kuma ka raina abin da ke ƙofar gidanku. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi. Ga tashar tsandauri ta Funtuwa, ga ta Dala a Kano, ga ta Kaduna, ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura ɗin kanta. Ba mu ce ayyuka sun zubo ba. Aikin gwamnati ka san tafiyar hawainiyarsa, kuma rufe iyaka na 2019 da na 2023 sun nuna yadda kasuwancin Jibiya da Kwangwalam ke tsayawa cak dare ɗaya. Amma mai jin Hausa da Turanci, in ya ƙara Faransanci, ya san takardun kwastan na ɓangarorin biyu, ba shi da yawa. Ƙungiyoyin agaji masu raba abinci da magani a Katsina da Maiduguri ma suna ɗaukar jami'an jigila, suna tallata guraben a shafin intanet na ReliefWeb, kuma ta nan ake tura mutum wata ƙasa da muƙaminsa, ba sai ya koma ƙasan tsani ba.

Ka nemi a matsar da kai daga sito zuwa tsara fitar motoci, ka yi shekara biyu ko uku da mutane a ƙarƙashinka. In har lokacin zuciyarka na kan Ingila, ka nemi tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya mai suna Chevening, wanda ke buƙatar aikin shekara biyu, kuma sharaɗinsa ka dawo gida na shekara biyu bayan karatu. Ka turo mana takardar bayanin aikinka da alƙaluman wata shida, mu duba maka. A gaida su Baba.