Manhajata ta ce babu maganin da wa'adinsa ya ƙare, alhali akwai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta wa yayana 'yar manhaja da harshen kwamfuta na JavaScript saboda kantin maganinsa da ke Tudun Wada, Kaduna. So nake ta bi jerin magunguna, ko guda ɗaya ne wa'adinsa ya ƙare ta yi gargaɗi. Na yi amfani da forEach, umarnin da ke bin abubuwan jeri ɗaya bayan ɗaya, na sa return true (wato ta dawo da amsar "eh") a ciki. Amma kullum sai ta ce lafiya lau, ga kuwa maganin tari na yara a kan kantar kantin wanda wa'adinsa ya ƙare tun bara. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Dole hankalinka ya tashi, ƙanena, tunda cikin 'ya'yan mutane maganin nan zai shiga. Abin da kake nema shi ne some, umarnin da ke duba ko akwai ko da abu ɗaya a jeri da ya cika sharaɗi:

const akwai = magunguna.some(m => m.ranarKarewa < new Date());

Da zarar ta ci karo da guda ɗaya da ya cika sharaɗin, sai ta tsaya ta ba ka true.

Amma bari mu tsaya kan forEach, don wannan kuskuren ya ishe ni. Mutane sun ɗauka return a cikinta yana tsayar da zagayen. Sam! Daga ƙaramin fankshan ɗin da ka miƙa mata kawai yake fitar da kai. Ita kuwa sai ta watsar da amsarka, ta wuce kan na gaba, a ƙarshe ta dawo da undefined, wato babu amsa, wanda if, umarnin duba sharaɗi, ke ɗauka tamkar false, wato "a'a". Mugun abin shi ne ba za ka ga jan rubutun gargaɗin kuskure ko ɗaya ba. Manhaja tana ta aiki, tana yi maka ƙarya. Masu bidiyon "koyi JavaScript cikin mako guda" su ne suka cusa wa yara forEach a kan komai, ana ta kwafa a zaurukan WhatsApp ba mai gwadawa, alhali some tana cikin harshen tun ES5, sigar JavaScript ta shekarar 2009. Haba!

Ka kuma tabbatar ranarKarewa Date ce ta gaske, wato nau'in bayanin kwanan wata na JavaScript. Idan rubutu ne irin "2024-05-01" ka gwama shi da Date, false za ka yi ta samu. Haka jerin da babu komai a ciki, some false take bayarwa, saboda haka ka fara duba cewa bayanan sun shigo.

Ka saka magani ɗaya da ya ƙare da gangan ka gwada. Kafin nan, yayanka ya bi kantar nan da hannu yau ɗin nan, ya kwashe wancan maganin tarin.