Amsar tambayarka kan kwikwiyon nan mai cizo

Wa alaikumus salam ɗana, ya Gusau, ya iyali da yara. Saƙon muryarka ya shigo tun shekaranjiya, ban samu zama ba ne sai yau don muna ta fama da ban ruwa a gona, amma na saurare shi har sau biyu. Ka ce kwikwiyon da ka samo don gadin gida, wanda ubanshi irin karen 'yan sanda ne uwar kuma ta gida, wata 4 ke nan da haihuwa ya addabe ku da cizo, da ka shigo ya cafke ƙafar wando, in ka zauna kana latsa waya ya kama maka yatsa, yara har sun fara tsoron fitowa tsakar gida. Wani ya ce ka riƙa bugun hancinshi, wani ya ce ka shafa mishi barkono a baki, wani kuma ya ce wai don ba a yanke mishi kunne ba ne. Shi ne kake tambaya mi ake yi a gidanmu can da, tunda kakanka mafarauci ne.

To ka yi daidai da ka tambaya kafin ka ɗauki sanda. Duk ukun nan ka bar su, kuma zan gaya maka dalili.

Kakanka Allah ya jiƙanshi, lokacin da nike yaro a nan Talata Mafara, kafin a gama dam ɗin Bakolori a 1978, bai taɓa zama da ƙasa da karnuka uku ba. Akwai wani baƙi da muke ce ma Duna, tun yana ɗan mitsitsi yake bin shi. Ina tuna wata la'asar yana zaune kan buzu a ƙofar zaure yana gyaran igiyar baka, sai Duna ya zo ya kama bakin rigarshi yana ja yana kaɗa bindi. Wallahi ko kallonshi bai yi ba. Ya zare rigar a hankali, ya miƙe, ya shiga zaure ya saki asabari. Kwikwiyon ya tsaya yana kallon asabarin yana ɗan kuka, can da ya gaji sai ya kwanta ya ɗora haɓa bisa dagi. Yana kwantawa kakanka ya fito, ya sosa mishi wuya, ya jefa mishi guntun ƙanzo. Mu yara muna ganin abin kamar ba wani abu anka yi ba, sai da na girma na gane cewa horon ke nan gaba ɗaya.

Saboda abin da kwikwiyonka yake nema ba namanka ba ne, hankalinka yake nema. Ya wuni shi kaɗai, kai ne babban abin da ke faruwa a ranarshi, ya zo ya zauna gabanka ba ka kula ba, ya kaɗa bindi ba ka kula ba, amma da ya sa haƙori sai ka ajiye waya ka dube shi ka yi tsawa ka ture shi da hannu. A wurinka faɗa ka yi, a wurinshi kuwa wasa ya kankama, har turewar nan ma irin kokawar da yake yi da 'yan uwanshi ce. Ka ga ba da saninka ba kullum kana biyanshi ladan cizo, shi kuma yana ƙara ƙwarewa.

Ga kuma famfara. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, daga wajen wata 3 zuwa 4 suke fara zuba, na girma guda 42 su fito, zuwa wata 6 ko 7 an gama. Naka yana tsakiyar abin ke nan, dasashinshi ƙaiƙayi yake yi, dole sai ya tauna wani abu. Kuma ka ce tun yana sati 5 anka ba ka shi, to an yi gaggawar raba shi da uwa, kamata ya yi ya kai sati 8. A cikin 'yan uwanshi ne yake koyon awon baki, in ya ciji ɗan uwa da ƙarfi wancan ya yi ƙara ya bar wasan, sai ya gane ya wuce iyaka. Wannan karatun da bai gama ba yanzu ya dawo kanku.

Abin da za ka yi shi ne irin na kakanka. Da haƙori ya taɓa fata ko tufa, kar ka fizge hannu da sauri don abin da ke gudu shi kare yake bi, ka tsaida hannun cak, in kana so ka ce a'a sau ɗaya da murya ƙasa ƙasa, ka miƙe ka harɗe hannuwa a ƙirji ka kau da fuska. In ya ci gaba da jan wando ka shige ɗaki ka rufe ƙofa, ba wani dogon lokaci ba, rabin minti zuwa minti ɗaya ya isa, in ya daɗe sai ya manta abin da ya jawo. Ka fito kamar ba a yi komai ba. In ya sake ka sake. Ranar farko za ka iya yin haka sau goma kafin magariba, kar ka gaji.

Amma rabin da mutane ke mantawa shi ne ɗayan. In ka toshe mishi wannan ƙofar dole ka buɗe mishi wata, in ba haka ba sai ya koma haushi ko yagar tabarma. Duk lokacin da ya zo ya zauna ko ya kwanta kusa da kai ba tare da baki ba, to nan ne za ka ajiye wayar nan ka kira sunanshi ka sosa shi. Ka koya mishi zama, ka riƙe ɗan guntun kifi busasshe saman hancinshi ka ja baya kaɗan wajen ƙeya, gindinshi zai sauka ƙasa da kanshi, ka ce zauna, ka ba shi nan take. Kwana kaɗan zai gane cewa zama ne ke jawo ka, ba haƙori ba. Sannan ka samo igiya mai kauri ka ƙulla ta gaɓa gaɓa, ko busasshiyar fata daga wurin mahauta, ka ajiye kusa da inda kake zama, da ka ga idonshi ya fara ƙyalli yana shirin tasowa ka riga shi, ka sa mishi ita a baki. Banda ƙashin kaza dafaffe, tsagewa yake yi ya soke maƙogwaro ko hanji. Banda tsohon silifas kuma, don bai san bambancin tsoho da wanda ka sawo jiya ba.

Ina gaya maka tun yanzu, kwana biyu ukun farko abin zai ƙaru, kar ka ce kawu ya ba ni dabarar da ba ta aiki. Abin da ya saba samu ne ya ɓace mishi, zai ƙara ƙarfi ya gani ko zai dawo. Duk wanda ya karaya a daidai nan ya kula shi, ya koya mishi cewa in ya dage zai samu, kuma wannan ya fi na farko wuyar gyara. Shi ya sa sai gidan duka ya zama baki ɗaya, kai da maiɗakinka da ƙanenka da almajirin da ke muku aike. In mutum huɗu sunka kau da kai, na biyar ya ba shi hannu yana kokawa da shi yana dariya, aikin banza kunka yi.

Yara su ne inda hankalina ya fi tashi. Yaro in kwikwiyo ya taso sai ya ƙwala ihu ya ruga, kuma irin ubanshi asalinsu karnukan kiwon tumaki ne a Jamus, bin abin da ke gudu a jininsu yake. Ka tara su ka nuna musu, in ya zo su tsaya ƙyam kamar turke, hannu a ƙirji, ido a sama, har ya sake su. Ƙaramar da ke rarrafe kuwa kar a bar ta da shi su biyu ko da na shiga kicin in fito ne. Kuma kar kowa ya taɓa shi yana cin abinci ko yana barci.

Maganar duka, ni na yi ta kuma na ga ƙarshenta. Bayan rasuwar kakanka na riƙe wata karya ja, mai wayo ƙwarai, tana da wannan halin na kama hannu. Ina da zafin ƙuruciya lokacin, sai na riƙa tsula mata tsumagiya a hanci. Ta daina kama ni kam, sati biyu ba a yi ba ta daina, amma daga nan in hannu ya taso ta saman kanta sai ta maƙe ta runtse ido. Wata rana ɗan maƙwabcinmu ya miƙa hannu zai shafa ta, ta gartsa mishi cizo na gaske a tsintsiyar hannu, jini har ƙasa. Ba muguwa ba ce, ni na koya mata cewa hannun mutum abin tsoro ne. Har yau in na haɗu da shi a masallaci na ga tabon nan sai na ji nauyi a ƙirjina. Barkono ma haka ne, azaba ce kawai. Yanke kunne kuwa mafarauta ne ke yi don kar ƙaya ko naman dawa su kama kunnen a cikin surƙuƙi, babu abin da ya haɗa shi da baki, naka ba dawa za shi ba, ka bar mishi kunnuwanshi.

Da ka ce al'ada, ka san a gidanmu ba a ajiye kare haka kawai. Kowanne da aikinshi, kuma muhallinshi waje ne, ba ya hawa tabarmar salla, ba ya shiga ɗaki, yana da kaskonshi daban. Hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, malamai sunka yi kiyasin gadin gida a kai in akwai buƙata. A karatun zaure an gaya muna cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, malamin da ya rubuta littafin Risala, da kanshi ya ajiye kare a gidanshi, da anka yi mishi magana ya ce da Imamu Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye, to mu da ke Zamfara a wannan lokaci ba sai an yi muna dogon bayani ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne har da yawunshi, sai dai in ya sa baki a ƙwaryar ruwa a wanke ta sau 7. Ka duba aya ta 4 a suratul Ma'ida, an halatta abin da horarren kare ya kamo, horarre kuwa shi ne wanda in ka tura shi ya tafi, in ka tsawata ya tsaya. Ka ga koya ma kare mallakar bakinshi ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Karnukan kakanka suna wuni a dawa bayan zomo da gafiya, su dawo a gajiye su zube, ina sunka ga ƙarfin cizon rigar wani. Yanzu dajin ma ba ya shiguwa, Allah ya kawo muna sauƙi. Naka kuwa ka ce yana ɗaure a sarƙa tun safe har ka dawo, to mi kake so ya yi da ƙarfin da ya tara? Ka kwance shi, ka zaga da shi bayan asuba kafin rana ta yi zafi, da yamma kuma ka jefa mishi ƙwallo ko ku ja igiya, in haƙori ya taɓa hannu wasa ya ƙare nan take. Inuwa da ruwa kar su yanke mishi. Kuma ka bar shi ya yi barci, kwikwiyo mai yawan barci ne, in yara sunka hana shi sai ya yi ta rigima irin ta yaron da barci ya cika ma ido. Ba a kiwon kare ranar farauta, wanda ka gina yanzu shi za ka samu a daren da kake buƙatarshi.

Sai abu ɗaya da ba ka ambata ba kuma shi ya fi komai, allura. An yi mishi rigakafin haukan kare? Daga wata 3 ake yi, a riƙa sabuntawa duk shekara, ka kai shi asibitin dabbobi cikin satin nan su ba ka kati ka adana. Ka kuma san bambancin cizon wasa da wanda ba shi ba. Mai wasa jikinshi a sake yake, yana tsalle yana kaɗa bindi. In ka ga jiki ya sandare, yana gurnani yana bayyana fiƙa, ko halinshi ya juya rana ɗaya, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya samu, wannan ba na kau da fuska ba ne, a killace shi a kira likitan dabbobi. In ya fasa ma wani fata ko da ƙarzane ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, shi kuma karen a sa mishi ido kwana 10. Kar ka yarda a tsaya ƙona gashin kare ana barbaɗawa a ciwo kamar yadda wasu ke yi, cutar nan in alamunta sunka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi.

Ka gaida maiɗakinka, ka karanta mata wannan ita ma tunda ita ke wuni da shi. In ka karɓo katin allurar ka ɗauko hotonshi ka turo mini, bayan sati biyu kuma ka kira ni in ji yadda ake ciki da wandunanka da hannun yaran.