Oba-oba ba wayar hira ba ce: amsoshin tambayoyinku kan rediyon 'yan kwana-kwana

Tambaya daga Gusau: Me ya hana 'yan kwana-kwana ajiye oba-oba su koma wayar salula?

Amsa: Salula mutum ɗaya take kira, sai kuma ya ga dama ya ɗaga. Oba-oba dannawa ɗaya, duk wanda ke kan zangon ya ji. Ranar da wuta ta kama kasuwa kuwa, layin salula ne ke fara cushewa.

Tambaya daga Maraɗi: A bidiyon Amurka nakan ji "tiii, tuuuu" kafin mai sanarwa ya yi magana. Mene ne wannan?

Amsa: Sunan tashar ake kira. Kowace tasha tana da sautuka biyu nata. A tsarin Quick Call II na Motorola, na farko daƙiƙa 1 ne, na biyu daƙiƙa 3. Na'urar tashar tana nan shiru har sai ta ji nata a jere, sannan ta buɗe lasifika ta kunna fitilu. A wasu tashoshin har ƙofar gareji take ɗagawa, ta kashe murhun girki, kada masu kashe gobara su bar gobara a gida.

Tambaya daga Zariya: Na sayi oba-oba ƙirar Baofeng, ina son in riƙa gaisawa da masu motar asibiti. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, kada ka soma. Rediyon nan magana ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Muddin ka danna maɓallin magana, ba ka jin kowa. Galibi ma ba kai tsaye oba-oba ke kaiwa ga 'yar'uwarta ba: akwai na'urar maimaitawa a kan hasumiya, tana karɓa a zango ɗaya tana watsawa a wani, shi ya sa 'yar na'ura mai wat 5 take karaɗe gari. Ke nan "salamu alaikum" ɗinka ba unguwarku kaɗai za ta tsaya ba. Ga kuma halin FM: idan biyu suka yi magana tare, mai ƙarfi ne ke danne mai rauni. Kai kana kan bene, ma'aikacin da ke neman agaji yana cikin ɗaki da hayaƙi. Wa kake zaton za a ji?

Mafi muni shi ne mai cusa ta aljihun baya ya zauna a kan maɓallin, zango ya toshe, gari na sauraren cinikin tumatir. Ko masu lasisi kullum ina faɗa musu: ku kunna TOT, wato agogon da ke iyakance tsawon magana, ku sa daƙiƙa 60, ta yanke da kanta. In za ku yi magana, ku danna, ku jira daƙiƙa ɗaya, sannan ku buɗe baki, in ba haka ba kalmar farko ta tafi, kuma sau da yawa ita ce sunan unguwar.

Kai kuma ba ka da lasisi, balle izinin hawa zangonsu.

Tambaya daga Bauchi: Sai da kati ake kiran 112, lambar neman agajin gaggawa?

Amsa: A'a, kyauta ne a Najeriya. Fara da faɗin wurin, labari ya biyo baya.