Abinci da kwanciya a taragon barci

Malam, ka tambaya ko fasinjan taragon barci yana biyan kuɗin abinci daban. A jiragen ƙasa na Amtrak a Amurka, irin California Zephyr mai tafiyar sama da awa 50, kuɗin ɗakin ya haɗa da karin kumallo da abincin rana da na dare, kuma idan ba ka son zuwa taragon cin abinci, ma'aikaci zai kawo maka har ɗaki. Da dare yakan haɗe kujeru biyun da ke fuskantar juna su zama gado, sannan ya sauko da gadon sama. Shawarata ita ce ka kwanta a na ƙasa, domin na saman ya fi ƙunci da girgiza.